Kafin Ɗan Lido Ya Tsaya

A garinmu Utsunomiya, in ka ga dattijo ya tsaya ƙyam a bakin titin da ko kyanwa ba ta bi, ruwan sama na dukan sanƙonsa, yana jiran fitila ta ba shi izinin tsallakawa, to ka ga Kuramochi Sadao. Ka gaishe shi, zai amsa. Amma kada ka tsallaka a gabansa, don ba zai manta fuskarka ba.

Koyar da tuƙin mota ne aikinsa har ya yi ritaya. Rabin direbobin unguwarmu ta hannunsa suka bi, shi ya sa har yau in suka hango shi sai su gyara zama su kama sitiyari da hannu biyu. 'Yar ƙanwarsa ma bai raga mata ba, ya kayar da ita a gwajin tuƙi saboda ta duba madubin gefe kafin na tsakiya, uwar yarinyar ta yi shekara ba ta gaishe shi ba. Bai taɓa aure ba. An ce an taɓa haɗa shi da wata, suka fita cin abinci, ta ajiye motarta taya ɗaya a kan layi, maganar ta mutu a wurin.

Ni Egashira Tomoe, mai sayar da magani a kusa da tashar jirgi, ba ta mota na san shi ba. Fiye da shekara talatin ke nan, duk Lahadi da rana muna haɗuwa a wani ɗan ɗaki na zauren taron unguwa muna wasan Ƙofar Hazo. Kowa na da jaruminsa a rubuce a takarda, da baiwarsa da rauninsa. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, in aka zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Dokokin suna cikin wani littafi mai kauri, wanda kamfanin da ya buga shi ya rushe tun muna da baƙin gashi. Saboda haka in doka ta yi duhu babu wanda za a tambaya. Amma mun yi sa'a, ko in ce an jarrabe mu, muna da Kuramochi.

Mu huɗu ne. Ni, da shi, da Iwabuchi mai aski, wanda ke zuwa rabi don wasa rabi don cinye mana senbei, biskit ɗinmu na shinkafa, sai Numata Kenzo. Numata ɗan gwanjo ne a babbar kasuwar kayan lambu. Bakinsa ya fi keken ɗinki sauri. Kafin ka tambayi kuɗin kabejin nan, ya sayar da shi, ya sayar da na bayansa, ya tambaye ka lafiyar surukarka. Aji ɗaya suka yi da Kuramochi tun firamare, kuma shi kaɗai ne a duniya yake ce masa Kura ya kwana lafiya.

Jarumin Numata wani ƙaton mai gadi ne, Gonza, mai baiwa ɗaya da ake kira Tare Sara. Ga duk abin da littafin ya faɗa a kanta: mai wannan baiwa yana iya shiga tsakanin abokinsa da sara ya karɓe shi a garkuwarsa. Iyakacinta ke nan. Bai ce yaushe ba. Kafin a jefa ne? Ko bayan an ga lambar da ta fito? Da alama wanda ya rubuta shafin yunwa yake ji, ya ajiye alƙalami ya tafi neman abinci, bai dawo ba.

A shekararmu ta farko, lokacin Iwabuchi ke jan labari, ina da wata ɓarauniya mai suna Karasu. Da hannuna na zana ta. Wani dodo ya kai mata sara, ɗan lido ya gangara ya tsaya a kan lamba mai kisa, Numata ya ce, "Na tare!"

Kuramochi ya ɗaga yatsa ɗaya. Ranar muka fara ganin yatsan nan.

"Ya makara."

"Haba Kura! A ina aka rubuta?"

"Ba a rubuta ba, shi ya sa zan gaya muku. Wanda ya taka birki bayan ya ji ƙarar karo, ƙafarsa kawai ya motsa. In sai ka ga lamba sannan ka tare, ba jarumta ka yi ba, ciniki ka yi. A faɗa kafin ɗan lido ya tsaya."

Muna da ƙuruciya, maganar ta yi mana kama da hikima. Iwabuchi ya gyaɗa kai da baki cike, shi ke nan aka zartar. Teburinmu kuwa yana da al'adu biyu da ba a taɓawa. Hukuncin da aka yanke sau ɗaya ya zauna har abada, a kan kowa. Sannan wanda jaruminsa ya mutu ba ya yin sabo sai ayari ya isa gari na gaba, kafin nan shi ne mai dafa shayi. Na dafa shayi tun daga fitowar furen ceri har ganye ya yi ja, wato fiye da wata shida. Ba wai na riƙe abin a zuciya ba ne. Kawai dai ina tuna cewa Karasu tana da tabo a girar hagu, kuma takalminta kore ne.

Daga nan fatawa ta ɓalle. Mai baiwar gani a duhu ba ya gani a hazo, don hazo ba duhu ba ne. Mai jin maganar dabbobi ba ya jin ta kifi sai ya tsoma kansa a ruwa. Ƙa'idarsa guda ce, abin da littafi bai ce za ka iya ba, to ba za ka iya ba. Shi kuwa nasa jarumin, wani tsohon boka mai suna Hakuun, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Kullum yana bayan ayari, kuma ba ya shiga ƙofa sai ya duba dama ya duba hagu ya sake duba dama.

Numata bai yi fushi da hukuncin ba, gasa ya mai da shi. Da jan labari ya dawo hannuna, kafin yatsuna su gama sakin ɗan lido zai ce "Na tare!" ya kalli Kuramochi yana washe baki. Tun daga ranar da Karasu ta mutu bai sake makara ba, kuma yana alfahari da haka fiye da yadda yake alfahari da jikokinsa.

Bara da sanyi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, da sanda. Bakin ne bai dawo ba. Kalmar tana nan a kansa, kana ganinta a idonsa, amma kafin ta iso leɓe sai ta yi ta tuntuɓe. Watannin da ba ya nan na kwantar da Gonza a wani masauki da zazzaɓi, muka ci gaba da tafiya a hankali don kada mu yi masa nisa.

Ranar da ya dawo, matarsa Fumie ta zaunar da shi, sannan ta ja ni bakin ƙofa.

"Tomoe-san, bari in gaya miki gaskiya. Ya daina zuwa wurin tsofaffin 'yan kasuwa, don suna ƙarasa masa magana. Ya daina zuwa gidan wanka, don wani ya bi shi da sannu har bakin ruwa. Nan kaɗai ya rage masa. In kuka tausaya masa ba zai dawo ba, in ya ji kunya ma ba zai dawo ba. Daga nan sai kujerar gaban talabijin, ni kuwa na san in ya zauna a kanta ya zauna ke nan."

Na ce mata kada ta damu, abin da mutum ke faɗi in bai san abin da zai yi ba.

Na shirya labarin ranar babu faɗa ko kaɗan. Hanya ce lafiyayya, da rafi, da wani kogo da na ce a fili akwai abin da ke barci a ciki. Kowane mai hankali zai wuce. Iwabuchi ya ce maharbinsa zai jefa dutse ya gani. Abin ya farka, ya fito ta wata kafa a bayan ayari, wanda ke baya kuwa kun san shi.

"Ya kai wa Hakuun sara," na ce, na jefa. Hannu ya riga ya saba, ban ko yi tunani ba.

"N... n..."

Ɗan lido ya gangara ya bugi kofin shayi ya tsaya. Lamba mai kisa ce.

"...na tare."

Na yi maza na ce, "Na ji. Ya tare. Ko ba haka ba, Iwabuchi-san?"

"Ƙwarai kuwa! Ni ai tun kafin ki jefa na ji."

Iwabuchi ko ƙarya bai iya yi daidai misali ba. Numata ya dube ni, ya dube shi, wuyansa ya yi ja har kunne. Na ga lokacin da ya gane cewa mu ma mun zama 'yan gidan wanka.

Sai yatsan nan ya tashi.

"Ya makara."

"Sensei," na ce, wato malam, don haka nake kiransa in ina son in shaƙe shi, "Hakuun ne fa zai mutu."

"Na iya karanta lamba, Tomoe-chan."

"Shekara talatin kana lallaɓa tsohon nan!"

"Ɗan lido ya tsaya, sannan ya yi magana. Kowa ya gani." Ya juya. "Numa, ka makara ko ba ka makara ba?"

Mun daɗe muna jira kafin Numata ya ce, "Na... makara."

Kuramochi ya ninke takardar Hakuun, gefe da gefe daidai, ya sa a aljihun gaba, ya tashi ya nufi butar shayi. Da ya zo zuba mini, shayin ya zuba a kan tebur, abin da ban taɓa gani daga hannunsa ba. Da Fumie ta zo ɗaukar Numata ta dubi fuskarsa, ta dube ni, ta kama hannunsa suka tafi.

A bakin titi na tare Kuramochi.

"Kai wane irin mutum ne? Abokinka na firamare, a ranar da ya dawo, ka sa shi ya faɗa da bakinsa?"

"Me kike so in ce?"

"Ka ce ka ji!"

"Ban ji ba."

"To sai ka yi ƙarya kamar mutanen kirki!"

"Numa ya yi shekara arba'in yana sayar wa maƙaryata kabeji. Kina ganin bai san fuskarsu ba?"

Maganar ta ƙara mini haushi. Fitila tana ja, na tsallaka a gabansa da gangan, a hankali, don ya gani da kyau.

Cikin makon Fumie ta kira ni. Ta ce mijinta bai ce uffan a kan Lahadi ba, yana dai zaune a kujerar nan, talabijin na kallonsa. Washegari Iwabuchi ya shigo kantinmu sayen maganin ciki da labari a bakinsa.

"Tomoe-chan, mutumin naki Kuramochi ya taɓu. Na gan shi a kantin kayan girki yana jefa ɗan lido a cikin kwanoni, ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Mai kantin na biye da shi yana murmushin tsoro. Mutuwar Hakuun ce, ni na gaya miki."

Na ce ya daɗe da taɓuwa, yanzu ne dai ya fito da ita kasuwa.

Ranar Lahadi muka zauna mu uku muna kallon ƙofa, kowa na yi kamar ba ita yake kallo ba. Can sai ga ƙarar sanda. Numata ya shigo, bai zauna ba. Ya ciro ambulan daga rigarsa ya ajiye a gabana. Na san abin da ke ciki, don haka ake yi a wurinmu, mai barin tebur yana miƙa takardar jaruminsa ga mai jan labari. Na kasa taɓa ambulan ɗin, na kuma kasa cewa komai da ba zai yi ƙamshin tausayi ba.

Kuramochi ya ɗauko wani ƙulli daga ƙarƙashin kujerarsa, ya kwance ƙyallen, ya ɗora abin a tsakiyar tebur. Kwanon ƙarfe ne ƙato mai zurfi, irin wanda masu yin gyoza, ƙullun fulawa mai nama a ciki, ke kwaɓa nama da shi.

"Daga yau a nan za a riƙa jefawa."

"A ina aka rubuta?" na ce.

"Littafin ya ce a jefa ɗan lido. Bai ce a kan tebur ba."

"Kai ne fa ka ce abin da littafi bai ce ba, ba a yi!"

"Daidai. Bai ce tebur ba. Shekara talatin muna jefawa a inda bai ce ba, kuma babu wanda ya taɓa neman hukunci a kai. Yau na nema. Akwai mai ja?"

"To kwanon ya ce?" in ji Iwabuchi.

"Iwabuchi-san, wanda ya jefa dutse a kogo ba shi da bakin magana a kan jifa."

Ya ɗauki ɗan lido ya wurga shi ta gefen kwanon. Abin ya kama zagaye bangon ƙarfe yana ƙara, ya zagaya, ya sake zagayawa, yana saukowa kaɗan kaɗan, ya iso gindi ya yi ta rawa kamar ba zai zauna ba. Sai da na gaji da kallo sannan ya tsaya. Ashe abin da ya bi kwanonin gari yana nema ke nan.

Numata ya dubi kwanon, ya dubi abokinsa. Shi ba yaro ba ne.

"Kura... t... tausayi."

"Tausayin wa? Ƙa'ida tana nan inda take, kafin ya tsaya. In ka makara zan faɗa, ka kuwa san zan faɗa. Zauna don Allah, ka tare mini hanyar buta."

Numata ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya jawo ambulan ɗin gabansa da hannun hagu. Ya ciro takardar Gonza, amma bai ture ambulan ɗin ba, ya bar shi kusa da gwiwar hannunsa inda kowa zai gani.

Abin kogon nan yana nan da ransa, don haka ba a daɗe ba ya kai wa maharbin Iwabuchi sara. Na wurga. Ɗan lido ya zagaya, Numata ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, kalmar ta taho tana tuntuɓe. Ɗan lido ya tsaya. Kalmar ta iso a bayansa.

"Ya makara," in ji Kuramochi, da muryar da yake faɗa wa ɗalibi ya hau kan layi.

Na rufe ido. Na ce shi ke nan, ga kwano ga asara. Sai na ji wani irin sauti, na buɗe. Numata ne ke dariya, da rabin fuska, har kafaɗarsa na rawa. Saran ba mai kisa ba ne, kunne kawai ya cire wa maharbin.

"Kunnena fa!" in ji Iwabuchi. "Numata-san, kana dariya? Ina gadin?"

"Mai... aski," in ji Numata, yana nuna kunnensa da yatsa, muka gane sarai abin da yake nufi, don kowa a unguwar ya san tarihin almakashin Iwabuchi.

Zagaye na gaba maharbin ya riga ya yi rauni, kowane sara zai iya gamawa da shi. Ban sassauta ba, don na gane in na sassauta Numata zai gani. Na ce, "Ya sake kai masa," na wurga da ƙarfi.

Kuramochi ya sunkuya a kan kwanon, buta a hannu, hancinsa kusan a ciki. Ko sau ɗaya bai dubi Numata ba. Ni da Iwabuchi muna kallon bakin mutumin muna motsa namu leɓen kamar za mu tura masa, shi kuwa ɗan lido kawai yake kallo. Ya zagaya. Ya sauko. Ya fara rawa a gindi.

"N... na tare!"

Ɗan lido ya ƙara juyi ɗaya, ya kwanta. Kuramochi ya miƙe, ya gyara tabarau.

"Ya shiga."

Iwabuchi ya yi ihu har mai kula da zauren ya leƙo. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, na kuma ji haushin cewa Kuramochi ne ya jawo su. Kwanon ya ɗan karkata da jifana, sai Numata ya ɗauki ambulan ɗin nan, ya ninke shi da hannu ɗaya, ya cusa a ƙarƙashin kwanon don ya zauna daidai.

Na share ido na ce, "Sensei, tambaya. Lokacin da Karasu ta mutu, babu kwano ne a garin nan?"

"Akwai. Ba ki kawo ba."

Da Numata bai ɗaga kofinsa a lokacin ba, da na kifa wa Kuramochi kwanon a sanƙo.

"Kura..."

Duk mun san abin da zai ce, don kofin ya daɗe a ajiye. Babu wanda ya ƙarasa masa. Kuramochi ya tsaya a gabansa da buta, ƙyam, yadda yake tsayawa a bakin titin da babu mota.

"...shayin nan... ya... huce."

Kuramochi ya ƙara jira kaɗan, ya tabbata babu wata kalma da ke tafe a baya. Sannan ya karɓi kofin ya tafi ya sake dafawa.